Hoton Yahya a Tsaye

Wad Madani, Sudan
Watan Muharram, 1389

Zuwa ga ƙanena Yahya, a Jidda.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Sauda da yara. Mu nan lafiya lau. An gama tsinkar auduga, sai dai bayana bai ji labarin an gama ba, har yau ciwo yake yi. Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yahya, tsohuwar nan ta tasa ni a gaba. Tun da akwatin kaya ya faɗo maka a tashar jiragen ruwa aka yanke maka ƙafa, ni kaɗai na sani a gidan nan, kamar yadda muka shirya da kai. Shekara biyu ina riƙe da maganar nan a ciki, ko suɓutar baki ban taɓa yi ba. Amma watan jiya ɗan Turai maƙwabciyarmu ya aiko wa uwarsa hoto daga nan Jidda, yana tsaye jikin wata mota wadda na rantse ba tasa ba ce. Turai ta zagaya unguwa da shi gida-gida. Tun ran nan Inna ba ta bar ni na huta ba. Wai me ya sa nata ɗan bai aiko ba? Wai ko dai ya rasu ne nake ɓoye mata, nake ƙirƙiro wasiƙu ina karanta mata? Shekaranjiya ta ture kwanon tuwo, ta ce ba za ta ci ba sai ta ga fuskarka. Ka san ta, in ta kafe ta kafe.

Don Allah ka je ka ɗauki hoto ka aiko. Kuma kada ka aiko da na rabin jiki, za ta tambaya ina sauran, don na ɗan Turai har takalmi ana gani. A tsaye nake so, tun daga hula har ƙasa. Kada ka ce min ba zai yiwu ba, ku da kuke birni ba ku rasa dabara. Abin minti ɗaya ne, ba zai rage ka da komai ba.

Yayarka,
Khadijatu

*

Mahjar, Jidda
Watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Khadijatu.

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kyau, ina neman albarkarta. A gaya mata lafiyata ƙalau, Sauda da yara suna gaishe ta, aiki kuma alhamdu lillahi. Ga hotona nan ta gani da idonta, ɗanta bai mutu ba.

Daga nan ki rufe baki, Yaya, sauran naki ne ke kaɗai.

Na yi miki abin da kika ce, amma kada ki ƙara ce min abin minti ɗaya ne. Akwai wani mai hoto a unguwar Sharafiyya, Abdulghani, shi na samu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya sha ara wa mutane agogo da mota, amma bai taɓa ara wa kowa ƙafa ba. Na sa farar riga doguwa ta aro, mai sharar ƙasa. Ya cusa tsumma a cikin safa, ya zura ta a takalmi, ya tura ƙarƙashin rigar yadda kan takalmin zai leƙo. Ya jingina ni da wani dogon teburi mai furen roba a kai, sannan ya karɓe sandunana ya ɓoye a bayan labule. Yana ta cewa, "Yalla, yi murmushi, ya sheikh!" Murmushin da kike gani a hoton nan cije haƙori ne. Yana cewa halas, wato an gama, ni da teburin da furen muka zube ƙasa tare. Sauda da ta raka ni ta juya fuska bango, ban sani ba ko dariya take yi ko kuka, ban kuma tambaye ta ba.

Amma ba hoton ne ke hana ni barci ba. Kin san abin da muke ci a gidan nan: kuɗin asusun 'yan dako. Duk attajirin da aka sauke wa kaya a tasha yana zuba ɗan wani abu a ciki, ƙarshen wata a raba wa waɗanda aikin ya naƙasa. Ba sadaka ba ce, haƙƙinmu ne, da bayanmu muka tara shi. Taimakon gwamnati kuwa na mai takardar ɗan ƙasa ne, ni iƙama gare ni, takardar zaman baƙo. Kuɗin asusun nan da 'yar wainar da Sauda ke soyawa a ƙofar gida, su kaɗai ne tsakaninmu da miƙa hannu.

To yanzu ana son a tsige shugabanmu, Shehi Rafi'u, tsohon da ya kafa asusun, wanda ya sa sunana a ciki tun ina kwance a asibiti ban san inda kaina yake ba. Attajirai sun ce abin da suke zubawa ya yi musu yawa, tunda an kawo injunan ɗaga kaya ba su bukatar bayan mutum kamar da. Sun tsayar da Abdulwahid, wanda muka yi shekaru muna ɗaukar buhu tare, don ya yi musu alkawarin zai rage musu. A taron da aka yi na miƙe a kan sandunana, na ce duk abin da aka sauke wa attajiri a kan guragu za a ɗora shi. Aka yi ta tafi, wasu kuma suka yi ta kallona. Sauda ta ce bakina ya fi ƙarfina. Ta yiwu gaskiyarta.

Ƙanenki,
Yahya

*

Wad Madani
Watan Jimada Awwal

Zuwa ga ƙanena Yahya.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fata kuna haka. Kai, Allah ya yi maka albarka! Da ka ga Inna ran da hoton nan ya iso. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi hasken ƙofa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ya yi ƙiba, ya yi kama da ubansa." A ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Ta aika aka kira Turai, ta ce mata nata ɗan ba ya bukatar jingina da motar wani. Yanzu a cikin ƙyallen Alƙur'aninta take ajiye shi, duk baƙon da ya shigo sai ya gani kafin a ba shi ruwa. Mai hoton nan gwani ne, ni da na san gaskiya sai da na ƙura ido ina neman inda aka yi dabarar.

Maganar shugabanninku kuwa, ka cire bakinka. Ina ruwanka da wanda ya hau da wanda ya sauka? Kai kana zaune a inuwa ƙarshen wata a miƙo maka, mu nan sai mun duƙa a gonar wani tun asuba kafin mu ga abin cefane. Ka gode wa Allah ka yi shiru.

A gaida Sauda.
Khadijatu

*

Mahjar
Watan Rajab

Yaya Khadijatu,

Sallama. Ina gaida Inna. Muna nan da rai. Tunda hoton ya yi mata daɗi haka, ai sai ta taso ta zo Jidda ta ga daular da ɗanta yake ciki, ta ci ta ƙoshi, mu shimfiɗa mata a saman bene.

An cire sunana daga asusu. Wata biyu ke nan ban karɓi komai ba, shi ya sa kika ji ni shiru, don da na rubuta miki a lokacin da takardar ta ƙone a hannunki.

Kin ce mai hoton gwani ne. Shi ma haka ya gani. Saboda jin daɗin aikinsa ya wanke wani babba, ya rataya a gilashin shagonsa, a bakin titi, inda duk Sharafiyya ke wucewa. Bai tambaye ni ba. Abdulwahid ya ci zaɓe, aka sauke Shehi Rafi'u. Sati bai zagayo ba wani yaron Abdulwahid ya ga hoton, suka saye shi daga Abdulghani. Tun daga nan hotona yake yawo, daga wannan gidan gahawa zuwa wancan, har ofisoshin attajirai an kai shi. "Ga irin guragun Rafi'u," haka suke cewa. "Ga masu cinye muku dukiya, ranar biya su zo da sanduna, ranar Juma'a su sa takalmi."

Yaya, Abdulwahid yana wurin ran da akwatin ya faɗo. Da rawaninsa ya ɗaure min cinya don jinin ya tsaya. Shi ya riƙe kaina a bayan mota har asibiti yana ce min in yi ta salati. Babu wanda ya fi shi sanin inda ƙafata ta ƙare. Amma ya yi wa attajirai alkawari, kuma ba a rage abin da ake zubawa sai an rage masu ci. In ya tashi kawai ya kori guragu, 'yan dako za su yi masa ihu. In ya ce akwai mayaudara a ciki, ga hujja, sai a ce ya zo gyara. Hujjar yake nema, ni kuma na je har Sharafiyya na biya kuɗina aka yi masa ita.

Ranar biya na je na bi layi kamar kullum. Aka kira na gabana, aka kira na bayana. Da na matsa na tambayi magatakarda, sai ya jawo hoton daga aljihun tebur ya juyo min shi. Mutane suka leƙo. Wani ya yi dariya. Na dawo gida a kan sandunana cikin rana, Sauda ta dubi hannuna ta koma bakin murhu.

Ba ni kaɗai ba. Da hotona suka buɗe ƙofar, yanzu sun cire mutane da yawa. Har Othman, wanda ruwan batir ya makantar, an ce ya koma ga danginsa su riƙe shi. In na wuce ƙofarsa matarsa ba ta amsa min sallama. Tana da gaskiya.

Kin ce ba zai rage ni da komai ba. Kin ce ina zaune a inuwa ana miƙo min. Ban manta ko ɗaya ba, kuma raina a ɓace yake da ke, gara in faɗa miki. Na kai ƙara gaban kwamitin asusu, sun ce za su zauna cikin azumi.

Yahya

*

Wad Madani
Watan Sha'aban

Zuwa ga Yahya.

Ina gaishe ka, ina maka jaje. Mu lafiya lau. Wallahi da na karanta wasiƙarka kasa cin abinci na yi. Allah ya isar maka a kan mutumin nan.

Amma kada ka ɗora min abin da ba nawa ba. Ni na ce ka ɗauki hoto, ban ce a rataye ka a bakin titi ba. Ni na ce ka miƙe a taro ka zagi attajirai? Da ka yi shiru yadda na ce, da hoton wani za su nema. Kai ka yi nisa, ni ke kwana da tsohuwar nan, ni ke ganin ta tana ramewa. Da ban nemi hoton ba da yanzu ta'aziyya nake rubuta maka.

Yanzu ga wata kuma, ka natsu ka ji. Kullum kana sa min alama inda zan rufe baki. A wannan wasiƙar ba ka sa ba. Inna tana zaune gabana na buɗe, na fara karanta mata gaisuwa kamar yadda na saba, kafin hankalina ya kai bakina ya riga ya karanta cewa ta taso ta zo ta ga daula, a shimfiɗa mata a saman bene. Ina ganin layin ƙasa na haɗiye sauran, amma ta riga ta ji. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana ya kira ni hajji."

Na ce mata wasa kake yi. Ta ce ɗanta ba ya wasa da ita. Na ce hanya da wuya, ta tsufa. Ta ce da ƙafarta ta tako daga Misau har nan, da ni a hannu kai a goye, jirgin ruwa ba zai ba ta tsoro ba. Ta sa an kai awakinta kasuwa. Ta yi sallama da unguwa, har Turai ta kawo mata gudummawa. Dole ni zan raka ta. Bayan ƙaramar sallah za mu tashi zuwa Sawakin mu jira jirgi.

Ka je kwamitin nan ka nuna musu ƙafar. Mutum ba zai ga dungu da idonsa ya ce ƙarya ne ba. In sha Allahu kafin mu iso an mayar maka da kuɗinka. Maganar ƙafar kuwa, zan san yadda zan gaya mata a hankali.

Khadijatu

*

Mahjar
Watan Azumi

Yaya,

Ina gaida Inna, ina mata barka da shan ruwa. Daga nan ki rufe baki. Ga alamar nan na sa da girma, ko makaho zai gani.

Ki hana ta zuwa. Ki ce jirgi ya lalace, ki ce an rufe hanya, ki ce duk abin da kika ga dama, kin iya ai. Ɗakinmu ɗaya ne na langa-langa, mu biyar a ciki. Mun sayar da shimfiɗa, mun sayar da rediyo. Da ruwa da gurasa yarana suke buɗa baki yawancin ranaku. A ina zan sa ta, me zan ba ta?

Kwamiti ya zauna. Mutum biyar a kan kujeru, uku attajirai, Abdulwahid a tsakiya, hotona a kan tebur. Na yi yadda kika ce. Ni da ko a gaban 'ya'yana ba na buɗe wurin nan, na zauna a ƙasa na naɗe rigata har cinya a gaban ƙattin maza, cikin azumi. Ɗaya daga cikin attajiran ya kau da kai ya ce in rufe, in rufe. Na ce ku duba da kyau, ko akwai takalmi a nan?

Sai Abdulwahid ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Ya Yahya, wa ya ce ba a yanke maka ƙafa ba? Ai ina wurin. Amma sabuwar doka ta ce asusu na wanda ba ya iya komai ne. Wanda ya iya zuwa Sharafiyya ya tsaya babu sanda, ya iya zama a ƙofar sito ya yi gadi." Na ce wa zai ɗauki gurgu gadi, ɓarawo in ya ruga in bi shi da me? Ya ce wannan kuma ba aikin kwamiti ba ne. Halas, suka tashi. Duk zaman bai kai tsawon sallar la'asar ba.

A waje ya biyo ni, ya dafa kafaɗata. Ya ce akwai hanya. Bayan sallah attajirai za su yi walima, za a karanta abin da aka gyara a asusu. In na zo na faɗa da bakina cewa zamanin Shehi Rafi'u ana sa suna don sanayya, kuma ni ma ana ba ni fiye da rabona saboda ni nasa ne, to zai ga yadda za a mayar min da rabin kuɗina. Na ce masa Shehi Rafi'u bai taɓa ba ni ko ƙwaya fiye da haƙƙina ba, kai ma ka sani. Ya ce ya sani, amma in je in yi tunani, ina da yara. Na ture hannunsa. Da ina da ƙafa biyu da ba ture hannu kawai zan yi ba.

Shehi Rafi'u yana gida yanzu, ba ya fita, ciwon suga ya kama shi. Daren jiya ya aiko mana da shinkafa a ƙullin mayafi, alhali na san shi ma ba shi da ita.

Ki hana Inna zuwa, Yaya. Roƙonki nake yi.

Yahya

*

Sawakin
Watan Shawwal

Ƙanena Yahya,

Muna gaishe ku. Mun iso Sawakin lafiya, an yi mana allura, muna zaune a sansanin alhazai muna jiran a kira jirginmu. Wasiƙarka a Madani ta kwana, sai wani da ya taso bayanmu ya kawo min ita nan. Ta makara. Awaki sun tafi, an biya kuɗin jirgi, Inna kullum tana zaune tana kallon ruwa tana tambaya ta wane gefe Jidda take.

Ban gaya mata maganar ƙafar ba. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in ga ta fito da hoton tana nuna wa matan sansani, in kasa.

Ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ka je walimar nan. Shehin naku ya riga ya sauka, maganarka ba za ta mayar da shi ba, ba za ta ƙara sauke shi ba. Allah ya san zuciyarka, shi ma in mutumin kirki ne kamar yadda ka ce zai gane. Rabi ya fi babu. Uwarka tana zuwa bayan shekara ashirin, ka yarda ta same ka da ƙafa ɗaya, kada ta same ka da tukunya a kife. Girman kai ba naka ba ne yanzu.

Khadijatu

*

Mahjar
Watan Zulƙida

Yaya Khadijatu,

Na ba wani ma'aikacin jirgi wannan ya kawo miki hannu da hannu. Ina fata kuna lafiya. Kada ki karanta wa Inna ko layi ɗaya, babu nata a ciki.

Na je walimar. Ba don kin ce ba, kada ki ɗauka ke kika tura ni. Ƙaramar 'yata ce ta kwanta da zazzaɓi babu na magani, ga ku kuna tafe, na tashi na je da kaina.

A gidan wani attajiri aka yi, an shimfiɗa dardumai, ga raguna a kan shinkafa. Aka ajiye ni kusa da ƙofa. Da aka gama ci Abdulwahid ya yi min alama, aka ɗaga ni, na tsaya na faɗa. Na ce zamanin Shehi Rafi'u da sanayya ake sa suna. Na ce ni ma ana fifita ni don ni nasa ne. Muryata ba ta ko yi rawa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Suka yi ta cewa masha Allah, ga mai tsoron Allah. Wani ya sa aka ƙulle min ragowar nama a takarda. Na karɓa, Yaya. Na kawo gida yara suka ci, ni na fita bayan ɗaki na yi amai.

Ranar biya na koma layi. Aka kira na gabana, aka kira na bayana. Na nemi Abdulwahid, aka ce yana da baƙi. Na zauna a ƙofar har ya fito. Ya ce wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kwamiti ya ce mutumin da ya amsa da bakinsa a gaban jama'a cewa ya ci fiye da rabonsa, ba zai yiwu a mayar da shi asusu ba, me za a ce wa sauran? Ya zaro 'yan kuɗi daga aljihu ya sa min a hannu, ya ce wannan daga gare shi ne, don zaman tare. Ya shiga mota.

Maganata kuwa ta yi musu aiki. Da ita suka cire ragowar mutanen Shehi Rafi'u, yanzu attajirai rabin na da suke zubawa. Labari ya kai wa tsohon. Na je ƙofarsa don in faɗa masa yadda aka yi, ɗansa ya fito ya ce yana barci. Ina jin tarinsa daga ciki.

Ba sauran wurin kai ƙara. Sauda ta daina suya, babu na gari babu na mai. Sati biyu ke nan ina fita da safe in zauna a wajen ƙofar tasha, ta inda alhazai ke fitowa, gefen hagu, tare da sauran waɗanda aka cire. Othman yana kusa da ni, ni nake gaya masa in jirgi ya iso. Tsoffin abokan aikina suna wucewa da kayan alhazai a ka, wasu su gaishe ni, wasu su yi kamar suna duba hanya. Lokacin hajji ne, ana samu, ba zan ɓoye miki ba. Alhajin da ya taka ƙasa mai tsarki hannunsa a sake yake.

To ki gaya mata. Ba a hankali ba, yanzu, kafin ku hau jirgin. Ki ce ɗanta ƙafa ɗaya gare shi, ba shi da aiki, ba shi da bene. In za ta yi kuka ta yi a can, ta huce a kan ruwa. In kuma kin sake kasawa, to abu ɗaya nake roƙonki. In kun fito ƙofar nan ki riƙe mata hannu da kyau. Rabonta da ni tun ina saurayi, mai farar riga a tsaye za ta nema, ni kuma ina ƙasa. Na san Inna, ba ta wuce gurgu ba ta ba shi wani abu ba. Kada ki bari ta jefa min sadaka.

Ƙanenki,
Yahya